Space Mountain: Minti Biyu da Rabi a Cikin Duhu

In ka shiga Magic Kingdom, wurin shaƙatawar kamfanin Disney da ke kusa da Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, ka miƙe babban titin shiga har dandalin tsakiya, sai ka dubi hannunka na dama. Can ƙurya za ka hango wani farin gini mai faɗin gindi da tsinin kai, da azarorin kankare jere a jikinsa ta waje. Wannan shi ne Space Mountain, lilon ƙarfe mai gudu a kan dogo wanda aka rufe ruf a cikin gini aka kashe fitilu, aka ce wa mai hawa ya ɗauka kumbo ya shiga. Tun ranar 15 ga Janairun 1975 yake aiki, kuma har gobe layinsa na cikin mafiya tsawo a wurin. Ya cancanci a hau shi. Sai dai ya tsufa, tsufan kuma jikin mutum na jin sa, don haka akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a ɓata sa'a guda a layi.

Asalin abin ya faro ne daga Kalifoniya. A 1959 Disneyland, wurin shaƙatawar Disney na farko, ta buɗe Matterhorn Bobsleds, wanda kamfanin Arrow Development ya ƙera mata, kuma shi ne lilo na farko a duniya da aka yi wa dogo da bututun ƙarfe. Kafin nan yawanci katako ake amfani da shi, a shimfiɗa masa fallen ƙarfe a sama. Bututu kuwa ana iya lanƙwasa shi yadda ake so, a yi kwana mai tsanani a ɗan ƙaramin fili, tayoyi masu rufin roba su kama shi ba tare da ƙarar tsiya ba. Jama'a suka yi ta tururuwa, abin da ya nuna wa Walt Disney cewa lilo mai firgitarwa na da kasuwa ko a wurin da aka gina domin iyali.

A 1964 ya kira mai zanensa John Hench ya ce yana son irin wannan, amma na sararin samaniya, domin Tomorrowland, sashen da ke nuna rayuwar gobe, da ake shirin sabuntawa. Zanen farko ya fi wanda aka gina buri nesa ba kusa ba: dogo huɗu, suna shiga gini suna fita. Abu biyu suka tokare aikin. Filin Disneyland ya yi kaɗan, sannan kwamfutocin wancan zamani ba za su iya lissafin kwanoni da kula da tazarar taragai masu yawa haka ba. Ana cikin haka Walt Disney ya rasu a Disamban 1966, kamfanin ya tattara ƙarfinsa kan gina sabon wurin Fulorida, zanen ya koma cikin durowa.

Da aka buɗe Magic Kingdom a ranar 1 ga Oktoban 1971, sai masu wurin suka ga samari da 'yan mata sun fi yadda aka zata yawa, ga shi babu wani abu mai tayar da tsikar jiki da za a ba su. Aka ɗauko tsohon zanen. Kamfanin RCA mai ƙera rediyo da talabijin ya zuba dala miliyan 10 domin a liƙa sunansa, ya kuma ci gaba da ɗaukar nauyin lilon har 1993, kafin kamfanin jigilar kaya na FedEx ya karɓa daga 1994 zuwa 2004. Lokacin ma ya dace. Amurkawa sun taka wata a 1969, tafiya ta ƙarshe ta shirin Apollo mai kai mutane wata ta kasance a Disamban 1972, kuma cibiyar Kennedy da ake harba rokokin tafiyar kamar sa'a guda ce a mota daga Orlando. Ɗan sama jannati Gordon Cooper ya ba injiniyoyin shawara kan yadda abin zai yi kama da gaske, James Irwin na Apollo 15 kuma yana cikin waɗanda suka buɗe hawan a ranar biki.

Ginin kansa abin tsayawa a duba ne. Tsayinsa ya kai wajen mita 56, faɗinsa kuma mita 91. Azarori 72 ne suka riƙe rufin, kowace tana da nauyin tan 74. Magina kan ɓoye irin waɗannan a ciki, amma Hench ya dage a fito da su waje, kuma yana da dalili mai ƙarfi. Yana son cikin rufin ya zama sumul, domin a haska taurari da duwatsun sararin samaniya a jikinsa ba tare da wani ƙarfe ya yanke hoton ba. Azarorin da suka koma waje kuma suna tsukewa yayin da suke hawa, sai ginin ya fi ainihinsa tsayi a ido. Da shawara guda ya biya buƙata biyu, kuma wannan surar ce aka yi ta maimaitawa a sauran ƙasashe.

Wani abin da baƙo ba ya lura da shi: ginin yana wajen layin jirgin ƙasan da ya kewaye Magic Kingdom. Shi ya sa daga ƙofar shiga za ka yi ta gangarawa cikin wani dogon kwararo mai duhu, ka ratsa ta ƙarƙashin layin jirgin, sannan ka sake haurawa. Tafiyar na da ɗan nisa ko da babu kowa a gabanka. Amfaninta shi ne kafin ka isa wurin hawa idonka ya saba da duhu, sanyin na'ura kuma ya kore maka zafin Fulorida. A bakin ƙofa akwai sandar awo. Yaron da bai kai inci 44 ba, wato santimita 112, ba zai hau ba, kuma ma'aikatan ba sa sassautawa ko da rabin yatsa ne ya rage. Gara a auna yaro a gida da takalminsa a ƙafa, a huta da kuka a bakin ƙofa. Wanda bai kai shekara 7 ba kuma dole ya kasance tare da wanda ya kai 14.

A ƙarshen layi hanya ta rabu biyu, domin dogo biyu ne a cikin ginin. Na hagu Alpha, na dama Omega. Kusan hoton juna ne a madubi, sai dai Alpha ya kai mita 974, Omega kuma 971, saboda ɗan ƙarin da ake buƙata inda ɗaya ke ƙetare ɗaya. Masu yawan hawa kan yi gardamar wanne ya fi, amma bambancin bai kai a jira ƙarin minti goma dominsa ba. Duk inda aka tura ka, bi.

Abin hawan tarago biyu ne a haɗe, kowanne da kujeru uku a jere, ɗaya bayan ɗaya, mutum shida ke nan. Babu zama kafaɗa da kafaɗa. Wannan na da muhimmanci ga mai ɗan yaro, domin ba za ka iya riƙe masa hannu ba. Abin da ya fi shi ne ka sa shi a kujerar da ke gabanka, yadda za ka iya dafa kafaɗarsa. Kujerar a ƙasa take sosai, za ka taka ka shiga sannan ka zube, ƙafafunka su miƙe a gefe biyu na kujerar gaba. Dogon mutum ko mai jiki zai ji matsi, mai ciwon gwiwa kuma fitowa ce za ta fi ba shi wuya. Abin da ke riƙe ka sandar ƙarfe ce mai kan soso da kake jawowa ta kwanta a cinyarka. Ka ja ta har ta matse, kada ka bar gibi da sunan neman sakewa, domin gibin nan ne ke sa a riƙa buga ka da gefen tarago. Da can ba haka zaman yake ba. Daga 1975 har 1989 mutum biyu ne ke zama a kujera guda, ɗaya a tsakanin ƙafafun ɗaya, da bel a ƙugu.

Da tarago ya motsa zai ɗan tsaya a wani lungu a duba sandunan, sannan ya faɗa wani kwararo mai shuɗiyar fitila da ke ƙyaftawa, ƙara tana ƙaruwa, ƙyaftawar na ƙara sauri. A gaskiya tarago a nan ba wani gudu yake ba, fitilun ne ke gudu. A ƙarshen kwararon, daidai kwana, akwai walƙiyar kyamara. Nan ake ɗaukar hoto, tun kafin a fara komai, shi ya sa fuskokin da ke hoton yawanci na masu jiran tsammani ne. Daga nan sarƙa ta kama tarago ta ƙasa ta fara jan sa sama a hankali. A tsakiya, tsakanin dogon biyu, akwai siffar babban kumbo da 'yan sama jannati biyu a rataye kai ƙasa suna gyara. In an yi dace za ka ga taragon ɗaya ɓangaren yana hawa daidai da naka. Ka more wannan kallon, domin shi ne haske na ƙarshe.

Daga ƙololuwa babu inji kuma, nauyi ne kawai ke tafiyar da tarago har ƙasa. Yana farawa da ɗan zagaye mai laushi a saman ginin, taurari na yawo a rufi, sai kwatsam ya fizge ka gefe. Daga nan sai kwanoni masu kaifi da ƙananan gangara da ke zuwa ba sallama. Babu inda ake kifar da mutum kai ƙasa. Gangara mafi girma ba ta wuce mita 8 ba, kuma tana zuwa ne can bayan tsakiyar tafiya, lokacin da mutum ya fara tunanin ya gane salon abin. Nan cikinka zai taso, kujera ta ɗan rabu da kai. Sai zagaye na ƙarshe da ke matse ka ƙasa, sannan wani kwararo mai jan haske da ke murɗawa, alamar an dawo duniya, birki ya kama. Duka duka minti biyu da rabi.

Ga abin da ya fi ba mutane mamaki. Iyakar gudunsa wajen kilomita 44 ne a sa'a guda. Ɗan acaɓa a kan buɗaɗɗen titi ya fi shi gudu. Amma tambayi duk wanda ya sauko, zai rantse maka ya ninka haka. Dalilin yana jikin ɗan Adam. A lilon da ke fili ido na hango kwana tun daga nesa, wuya da ciki su ɗaure, jiki ya karkata tun kafin a iso. A duhu wannan shirin ba ya samuwa. Sai kwanar ta riga ta same ka sannan ma'aunin daidaito da ke cikin kunne zai sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta ɗauki abin da ya zo bagatatan a matsayin abu mai tsanani. Ƙari a kan haka, babu bishiya ko gini da za a auna gudu da shi, ga iska na bugun fuska, ga inuwar ƙarafa na wucewa dab da kai har ka sunkuyar da kai ba ka sani ba, ga ihun mutane daga sama da ƙasa ba ka san inda suke ba. Taragon ma gajere ne, don haka yana iya shan kwanar da dogon jirgi ba zai iya ba. Duhun nan shi ne jarin lilon gaba ɗaya, masu wurin ma sun san haka. A gyaran da aka yi daga Afrilu zuwa Nuwamban 2009 an yi wa wurin hawa rufi domin haskensa ya daina zuba cikin babban ɗakin, a 2010 kuma aka jera lasifikoki a gefen dogo masu fitar da kiɗa da ƙarar wucewa.

To me ya sa yake yawan tsayawa? Wannan tambaya ce da duk wanda ya taɓa isa ƙofa ya tarar an rufe yake yi, amsarta kuma na cikin yadda aka tsara tsaronsa. Space Mountain na cikin lilon farko da kwamfuta ke sarrafawa. An yanka kowane dogo gida gida, a ƙarshen kowane gida akwai birki, da na'urorin da ke gane wucewar tarago. Doka ɗaya ce: tarago biyu ba sa haɗuwa a gida guda. Idan na gaba bai fita daga gidansa ba, birkin da ke bayansa zai damƙe na baya. Tunda mutum shida kawai kowane hawa ke ɗauka, dole a riƙa sakin taragai a kai a kai, tazarar 'yan daƙiƙoƙi, a samu da yawa suna gudu a lokaci guda. Wannan ya sa babu sararin jinkiri. Mutum ɗaya ya tsaya laluben jakarsa a wurin sauka, ko ya kasa miƙewa da wuri, sai na bayansa ya jira, na bayan wancan ma ya jira, har cunkoson ya haura cikin dutsen. Da ya kai wani matsayi sai kwamfutar ta kulle komai. Nauyi ma na taka rawa, domin tarago cike da manya ya fi mai ɗauke da yara gudu, yana iya cim ma na gabansa kafin lokaci.

Saboda haka yawancin tsayawar ba lalacewa ba ce, tsaron ne ya yi aikinsa. In ta same ka a ciki, tarago zai tsaya a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai dandamali a gefe, a kunna manyan fitilu, murya ta ce kowa ya zauna inda yake. Ka zauna ɗin. Kada ka yi ƙoƙarin ɗaga sandar, kada ka fito da ƙafa. Ma'aikata za su hau matakala su bi taragai ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙasa zuwa na sama, su saki birki su tura da hannu, ka gangara sauran tafiyar a cikin haske. Sau da yawa akan ba waɗanda abin ya shafa damar sake hawa, ba laifi ka tambaya. Da fitila a kunne za ka ga ainihin wurin: ƙaton ɗaki mai launin toka cike da ƙarafa a sarƙe, dogo na bin ta kan dogo. Wanda ke son ganin haka ba tare da ya hau ba, ya shiga PeopleMover, ɗan jirgin nan mai tafiya a hankali da ke zagaya Tomorrowland a sama. Yana ratsa cikin ginin, kuma in an yi sa'a an tsayar da lilon, komai a fili yake. Ko ba a tsayar ba, hanya ce mai kyau ta gwada yaro mai tsoro: ya ji ihun ya ga duhun, sannan ya yanke shawara da kansa.

Babban aibin na Fulorida shi ne jijjiga. Tsarin dogon na farkon shekarun 1970 ne, lokacin da ba a iya lissafin shiga kwana a hankali kamar yanzu ba. Lilon zamani kan fara karkata tun kafin kwana, ya shige ta sannu sannu. Wannan kuwa daga miƙaƙƙe sai kwana, shi ya sa ake jin fizga a wuya da ƙugu. Gyaran 2009 ya taɓa wasu sassan dogon amma bai sauya shi duka ba. Kujerar can baya ta fi shan wuya, domin ita ake fizgowa a kan kowace gangara. Ta gaba ta fi sauƙi, ta fi samun iska, kuma babu kan kowa a gabanka. Ana iya roƙon ma'aikacin da ke raba kujeru ya ba ka gaba, sai dai ka ɗan ƙara jira. Dabarar zama kuwa ita ce ka manna bayanka da kujera, ka tokare ƙafafu biyu, ka riƙe sandar, ka bar wuyanka da ɗan ƙarfi ba tare da ka sandare ba. Hannu ya zauna a ciki kamar yadda doka ta ce.

Gargaɗin da aka rubuta a ƙofa ba ado ba ne. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu, su haƙura. Mai saurin jiri a mota ma ya yi tunani, domin rashin abin da ido zai kafa a kai na ƙara tashin zuciya, kuma rufe ido ba ya taimakawa tunda dama duhu ne. Kada a hau da cikakken ciki, a bari abinci ya yi kamar sa'a guda. Mai keken guragu sai ya iya tashi daga kekensa ya sauka cikin kujerar, da kansa ko da taimakon 'yan rakiyarsa.

Sutura ma abin lura ce ga mutanenmu. Hula ba ta kaiwa ƙarshen tafiya a ka, a cire ta a cusa a jaka. Mayafi da gyale a naɗe su da kyau a soke bakin a ciki, kada a bar jela tana kaɗawa, hijabi mai tsawo kuma a tattaro shi a zauna a kai. Babbar riga ba ta wannan wurin ba ce sam, ko shiga kujerar ba za ta bari a yi cikin sauƙi ba. Zani ko matsattsen siket na wahalar da zama, tunda sandar na shiga tsakanin ƙafafu ne, don haka wando a ƙarƙashin doguwar riga ya fi. Jaka tana zama a ƙasa tsakanin ƙafafu, a zura ƙafa ɗaya cikin igiyarta. Waya da tabarau a aljihu mai zif. Abin da ya faɗi a ciki sai bayan an tashi aiki za a nema, kuma ba lallai a same shi da rai ba.

Batun lokaci shi ne ke raba wanda ya more da wanda ya sha wuya. Tikitin yini guda na Magic Kingdom ya haura dala 130, a ranakun cunkoso yakan kai wajen 200, kuma hawan na cikin kuɗin. Daga hantsi zuwa la'asar jiran sa'a guda ko fiye ba abin mamaki ba ne. Mafi sauƙi shi ne a iso kafin a buɗe ƙofa a nufi can kai tsaye, tare da tuna cewa daga wurin ajiye motoci sai an hau jirgin nan mai tafiya a kan dogo guda ko jirgin ruwa an ƙetare tafki kafin a kai ƙofa, abin da kan ci rabin sa'a. Waɗanda suka sauka a otal ɗin Disney ana barin su shiga minti 30 kafin kowa. Dama ta biyu ita ce da dare, lokacin wasan wuta da kuma sa'ar ƙarshe, kuma duk wanda ya shiga layi kafin a rufe za a bar shi ya hau. Da damina, wato watannin Yuni zuwa Satumba, hadari kan taso kusan kullum da yamma. Da an ga walƙiya ake rufe lilon da ke fili, jama'a su kwararo nan tunda shi a rufe yake, layi ya kumbura nan take. Akwai layin gaggawa na kuɗi mai suna Lightning Lane da ake saye ta manhajar My Disney Experience, farashinsa na sauyawa kullum. Ga mai yini ɗaya tal a lokacin hutu, ya biya kuɗinsa. Ga mai iya sammako, ba dole ba ne. Iyaye masu jariri su nemi Rider Switch a bakin ƙofa: ɗaya ya hau, ɗaya ya riƙe yaro, sannan su yi musanya ba tare da na biyun ya sake bin dogon layi ba.

Fita ma tafiya ce. Da akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta da ke ɗauko mutane, an cire ta a 2018, yanzu da ƙafa za ka sake ratsa ƙarƙashin layin jirgin ka hauro, ka ɓulla cikin kanti. Bayan jijjigar nan wannan hawan na gajiyar da tsofaffi, kuma yana cikin abubuwan da ya kamata a ce an gyara.

Sunan ɗaya ne a ƙasashe da dama, amma abin da ke ciki ya bambanta ƙwarai, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Na Disneyland a Kalifoniya an buɗe shi ranar 27 ga Mayun 1977. Saboda ƙarancin fili dogo ɗaya aka yi, aka kuma nutsar da gindin ginin cikin ƙasa don kada ya danne sauran gine-gine. Ana zama biyu biyu, mutum 12 a hawa guda, tsawon da ake nema santimita 102 ne, gudunsa ya ɗan haura kilomita 50. A Afrilun 2003 aka rufe shi aka kwashe dogon gaba ɗaya aka shimfiɗa sabo a kan tsohon tsari, aka sake buɗewa ranar 15 ga Yulin 2005, Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, na wurin. Sakamakon a bayyane yake: santsi, babu fizga, kiɗa kuma daga cikin kujera yake fitowa yana tafiya daidai da kowace kwana. Gangara ba ta da yawa, yawancinsa zagaye ne ta hannun dama da ke ƙara sauri har ƙarshe. Ga mai tafiya da yara ko mai tsoron ciwon wuya, wannan ya fi na Fulorida. Wanda ke son a ɗaga shi daga kujera kuwa zai ga na Fulorida ya fi rai.

Na Paris dabba ce daban, kuma shi ne ya fi kusa da mai tasowa daga Afirka ta Yamma. Jirgin ƙasa na RER A na kai mutum tashar Marne-la-Vallée–Chessy, dab da ƙofa, cikin kamar minti 40 daga tsakiyar birni. An buɗe shi ranar 1 ga Yunin 1995, lokacin da wurin ke fama da asara, kuma ya taimaka wajen jawo jama'a. Kamfanin Vekoma na ƙasar Holan ne ya ƙera shi. An gina shi kan labarin marubucin Faransa Jules Verne na 1865, inda aka harba mutane zuwa wata daga bakin igwa, shi ya sa akwai ƙatuwar igwa kwance a jikin ginin mai launin tagulla. A cikinta ake tsayar da jirgin a karkace, sannan a cilla shi sama, daga tsaye zuwa wajen kilomita 70 cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. A ciki ana juya mutum kai ƙasa sau uku. Abin riƙewa ta kafaɗa yake saukowa, tsawon da ake nema kuma santimita 120 ne. An sauya masa jigo a 2005, aka sake sauyawa a 2017 zuwa Hyperspace Mountain mai jigon fina-finan Star Wars, abin da bai dace da igwar da adon ginin ba ko kaɗan, kuma asara ce ga wanda ya san na farkon. Amma taragan da aka kawo a 2017 masu riga mai laushi a ƙirji sun rage bugun kunne da tsofaffin ke yi. Kada wanda ya hau na Amurka ya ɗauka ya san wannan, ya jawo ƙaramin yaro ko dattijo.

Na Hong Kong, wanda aka buɗe tare da wurin a Satumban 2005, ɗan'uwan na Kalifoniya ne. Na Tokyo ya yi aiki daga Afrilun 1983 har 31 ga Yulin 2024, aka rufe shi domin a gina sabo fil da aka tsara buɗewa a 2027, kan kuɗin da ya haura yen biliyan 50. Shanghai ba ta da shi, TRON Lightcycle, lilon da ake hawa kamar babur, aka gina mata a madadinsa, kuma tun Afrilun 2023 akwai irinsa a Fulorida, kafaɗa da kafaɗa da tsohon dutsen. TRON ya ninka shi gudu, ya fi shi santsi, amma kafin ka gama gyara zama an gama. Mai yini guda a Magic Kingdom ya hau duka biyun in hali ya yi. In kuwa yaron da ke tare da shi ya kai santimita 112 bai kai 122 da TRON ke nema ba, Space Mountain ne nasu: kujerar gaba ga yaron, babba a bayansa, da sassafe kafin a karya kumallo mai nauyi.